Yadda muka yi jinyar jijiyar Akawali da ɓargon jikinsa

A kasuwar Maigatari na sayo dokina Akawali, kuma shi nake hawa duk Sallah a tawagar hakiminmu a Gumel. Wajen sukuwa a kan fako ya ji ciwon, bayan damina ta ɗauke ƙasa ta yi tauri. Washegari bayan ƙafarsa ta gaba, tsakanin gwiwa da gaɓar saman kofato, ya kumbura ya yi doro, ga zafi in ka taɓa.

Baffana ya duba ya ce, "Ɗana, a hura wuta a yi masa lalas, haka muka gada." Na ce, "Baffa, a yi min haƙuri likita ya fara gani." Kafin zuwansa ruwan randa muke kwarara wa wurin safe da yamma, mu naɗe da bandeji.

Likitan, wanda ya saba da dawakin folo a Kano, ya zo da na'urar hoto irin wadda ake duba masu juna biyu. Ya nuna min wani baƙin rami a tsakiyar jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, inda zaruruwanta suka tsinke jini ya taru. Ya ce jijiya ba ta samun jini sosai, shi ya sa da tabo take warkewa. Tabo kuwa ba ya miƙewa, da doki ya koma gudu sai ta sake yagewa a bakinsa. Lalas fata yake ƙonawa, ba ya ɗinke abin da ya tsinke a ciki.

A bakinsa na fara jin maganar ƙwayoyin halitta na asali da ke cikin ɓargo, masu taimaka wa nama ya gyara kansa. Wani likitan dabbobi a Landan, Roger Smith, da abokan aikinsa suka fara bayyana yi wa doki wannan aiki a 2003. Su kan kai ɓargon ɗakin gwaji a raini ƙwayoyin mako biyu zuwa uku, su kai kamar miliyan 10, sannan a mayar cikin jijiya. Binciken da suka fitar a 2012 kan dawakin tsere ya nuna kusan 27 cikin 100 ne ciwon ya dawo musu, alhali a da fiye da rabi ne. Likita bai ɓoye min ba, ya ce, "Alhaji, namu bai kai wancan ba. Ɓargon zan tace a nan in mayar yau, ƙwayoyin kaɗan ne."

Na amince, duk da kuɗin ya ci min bijimi. Muka yayyafa ruwa a barga saboda ƙura. Ya yi wa Akawali allurar sanyaya jiki, dokin na tsaye, ya aske ƙirjinsa ya wanke da aidin, ya soka allura mai kauri a ƙashin ƙirji ya zuƙo ɓargo. Ya juya shi a wani ɗan inji da muka kunna da janareta, sannan ya zuba abin da ya tace cikin ramin nan yana kallon hoton. Aikin yana son makonnin farko bayan jin ciwon, lokacin da zafi ya sauka amma tabo bai cike wurin ba.

Allurar ba ta rage kwanakin jinya ko kaɗan, kuma nan ne wahalar take. Minti 10 a rana nake jan sa da hannu, ana ƙarawa sannu a hankali. Sassarfa sai bayan wata 3, shi ma sai da aka sake ɗaukar hoto. Na rage masa gero da dusa na bar shi da harawa da ciyawa, domin ingarman da ke turke in ya ƙoshi da hatsi tsalle zai yi ta yi ya ɓata aikin. Kofaton ma ana datse shi a kai a kai, tsawonsa ƙarin nauyi ne a kan jijiya.

Abin da ya fi yaudarar mutane, ɗingishi na ɗaukewa tun jijiya ba ta haɗe ba. Da Sallah ta matso, kowa cewa yake doki ya warke, har Baffa ya sa aka fito da sirdi. Na durƙusa na roƙe shi, na yi hawan da dokin aro. Ya yi min ciwo ƙwarai, ina jin algaita Akawali na haniniya a gida.

Sai da ya kusa shekara likita ya ba da izinin gudu. Yanzu a kan rairayi nake kilisa da shi, kuma kafin a ɗaura sirdi sai na shafa ƙafafunsa na gaba duka biyun, in ɗaya ta fi ɗumi ranar ba hawa.