Ruwan da ya ɓuya a bango

Shekararmu ta biyu ke nan a Houston, a jihar Texas ta Amurka, lokacin da sanyin Fabrairun 2021 ya sauko. Wuta ta ɗauke a miliyoyin gidaje, ruwa ya daskare a bututu. A nan bututun ruwan gidaje da yawa ta cikin rufi suke bi, saman silin. Ranar da gari ya fara sakin jiki, ƙanƙarar ta narke, sai namu bututun ya nuna inda ya tsage. Ina falo na ji ɗis, ɗis, kafin in gano inda ake kashe ruwan gidan silin ɗin ɗakin yara ya yi ciki kamar tulu, ya rufto.

Muka kwana muna tsane ƙasa da tawul, muka buɗe tagogi. A tunanina shi ke nan, iska za ta ƙarasa aikin. Ban san cewa bangon gidajen nan ba bulo ba ne. Katako ne aka jera, aka cusa wani abu kamar auduga a tsakani, aka rufe da allo mai fuskar takarda. Waje zai bushe tas, ciki kuwa yana jiƙe sharkaf. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana cewa a busar da abin da ya jiƙe cikin sa'a 24 zuwa 48, in ba haka ba fumfuna ta samu gida. Mu kwana goma muka yi muna jiran mai gyaran famfo.

Warin ne ya fara tona asiri, irin na kayan wanki da aka manta a bokiti. Sannan ƙaramar 'yarmu ta fara tarin dare. Da na janye durowarta, sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun hau bango daga ƙasa har tsayin gwiwa.

A makon ne wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa, da mota mai tambari a jiki. Baki gare shi kamar zuma. Ya leƙa ɗakin bai yi minti biyar ba, ya ce zai fesa magani, ya shafa fenti, kwana biyu an gama. Rabin kuɗi yanzu. Har ya ce zai yafe mini kason da mai gida ke biya daga aljihunsa kafin inshora ta biya sauran. Wallahi na ɗauki biro. Baƙo a ƙasar mutane, ga yarinya tana tari, duk wanda ya yi maka fara'a gani kake ɗan'uwa ne.

Matata ce ta taɓa ni, ta ce da Hausa, "Maigida, ka kira Alhaji tukuna." Dattijo ne da muke haɗuwa a masallaci, ya fi shekara talatin a garin.

Alhaji bai bari na gama bayani ba. "Kada ka sa hannu," ya ce. "Yafe wannan kason da ya ce zai yi, dokar Texas ta hana tun 2019. Wanda ya fara da karya doka a bakin ƙofarka, me zai yi a cikin bangonka? Ka tambaye shi lambar lasisinsa." Na tambaya. Ya ce tana ofis. Bai sake dawowa ba.

A wajen Alhaji na koyi yadda abin yake. A Texas, idan fumfuna ta kai ƙafa murabba'i 25 a haɗe, aikin na masu lasisi ne, kuma hukumar ba da lasisi ta jihar, TDLR, ce ke ba da shi, kowa na iya duba suna a shafinta. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne doka ta raba aikin gida biyu: wanda zai duba ya rubuta abin da za a yi daban, wanda zai yi gyaran daban. Mai neman kwangila ba zai ƙara wa ciwo girma don ya ƙara kuɗin magani ba. Na kuma nemi shaidar IICRC, cibiyar da ke ba masu wannan sana'a shaidar ƙwarewa, na nemi takardar inshorarsu su ma, don in ma'aikaci ya faɗo daga tsani kada abin ya dawo kaina. Kamfani uku na kira, kowanne na ce ya ba ni bayaninsa a rubuce, ɗaki-ɗaki.

Wanda na zaɓa ba shi ne mafi arha ba, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya durƙusa da wata 'yar na'ura mai tsini biyu, yana soka ta a bango, yana nuna mini lambar. Inda nake rantsuwa ya bushe, lambar ta yi sama. Ya sa fensir ya ja layi, ya ce daga nan zuwa ƙasa duk sai an yanke.

Suka rufe ƙofar ɗakin da leda mai zif, suka sa injin da ke zuƙe iskar ciki, suka shiga da takunkumi. Allon da audugar da kafet duk a buhu suka fita. Injinan tsotse danshi suka kwana huɗu suna gurnani, kullum da safe a zo a auna katakon, a rubuta a takardar da aka manna a jikin ledar. Hotunan da na ɗauka tun ranar farko da waɗannan lambobin su na tura wa kamfanin inshora. Ya biya, domin fashewar bututu ce ta farat ɗaya; da ambaliya ce, sai mai inshorarta ta daban.

Ban cika kuɗin ba sai da mai dubawa, wanda ba na kamfanin gyaran ba, ya zo ya tabbatar, aka ba ni takardar shaidar kammala gyara. Alhaji ya ce in adana ta tare da takardun gida, mai saye zai nema wata rana. Daren da muka mayar da gadon yarinyar ɗakinta, sau uku ina tashi in tsaya a bakin ƙofa ina saurare. Numfashinta kawai nake ji.