Tare Muka Girma da Ɗan Karenmu

Karen da na tashi da shi bai taɓa kai gwiwata a tsawo ba. Irin ƙananan nan ne masu gajerun ƙafafu, waɗanda baƙo kan gani ya ɗauka kwikwiyo ne ko da sun tsufa.

Daɗinsa a fili yake. Yaro ba ya jin tsoron kare irin wannan, shi ma karen ba zai kayar da yaro ba in wasa ya yi zafi. Kafin in iso ƙofa daga makaranta ya riga ya gane takuna, yana ta kaɗa jela kamar za ta tsinke. Ranar da aka yi mini faɗa kuwa, shi ne zai zo ya kwanta a kan ƙafata har in huce. Ga shi ƙananan karnuka sun fi manya tsawon rai, da yawansu sukan kai shekara 12 zuwa 16. Ke nan yaron da aka ba kwikwiyo yana firamare zai iya gama sakandare karensa na nan.

Sai dai ƙanƙantar tana sa mutane su manta cewa kare ne. Babban kare in ya yi gurnani kowa sai ya ja da baya. Ƙarami in ya yi, dariya ake yi masa, a ƙara sungumarsa. A ganina shi ya sa ake cewa ƙananan sun cika cizo: sun yi gargaɗi ba a saurare su ba. Ƙashinsu kuma siriri ne, faɗowa daga hannun yaro kaɗai ta isa ta karya ƙafa. Mahaifiyarmu ta kafa doka tun da wuri, duk mai son riƙe shi sai ya zauna a ƙasa tukuna.

Abin da ya fi ba mu wahala haƙora ne. Yana kwikwiyo, lokacin da haƙoransa na farko 28 ke zubewa, babu takalmin da ya tsira a gidan. Da ya girma ya fito da 42, daidai da na kowane ƙaton kare, amma a ɗan bakin da bai ishe su ba. Suka cunkushe, datti ya taru, bakinsa ya yi wari, daga baya sai da likitan dabbobi ya cire wasu. Ga kaska da ƙuma da maganin tsutsar ciki. Cakulan ma sai mun ɓoye, don guba ce ga kare, kuma ɗan kaɗan ya ishi ƙaramin jiki.

Allurar rigakafin ciwon haukan kare ba mu taɓa wasa da ita ba. Kusan duk mutanen da ke kamuwa da cutar daga kare suke samunta, kuma ƙaramin haƙori ma yana huda fata. Likitan ya ce in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a tafi asibiti.

Haushin dare kam, maƙwabta ne suka fi mu sanin labarinsa.

Tsufansa ya zo daidai lokacin da nake shirin barin gida. Idonsa ya yi hazo, kunnensa ya yi nauyi, wani lokaci ya kasa riƙe fitsari. Mu da muka yi ta roƙo a kawo shi duk mun watse, kowa da karatunsa. Aikin wanka da magani da kai shi wurin likita ya koma kan mahaifiyarmu, wadda tun farko ita ce ta ce ba ta son a kawo kare.