Tarihin rayuwata, kashi na 9: 'Yar tsanar da Kawu ya ƙona

Makon jiya na tsaya a rasuwar Inna Babba, kuma na yi alkawarin shiga zancen rabon gado. Ku yi mini haƙuri, sai na koma baya tukuna, don maganar Kawu ta hana ni sakat tun da na fara rubutun nan. "Ɗan gidan malamai ba ya wasa da gunki." Haka ya faɗa a gaban ƙannena, ranar da ya jefa 'yar tsanata cikin murhu.

Yaran da suka tashi da waya a hannu ba za su gane matsayin tele a wurinmu ba. Tun 1964 akwai telen makaranta a Nijar, ana koyar da darasi da Faransanci ta cikinta, amma lakwal ɗinmu ba ta taɓa ganin ta ba. Sai a 1979, zamanin Seyni Kunce, Télé Sahel ta fara isa ga jama'a. Mu 'yan unguwar Bagalam ta Maraɗi gidan ƙungiyar Samariya muke zuwa kallo bayan magariba, mu zauna cikin rairayi a gaban manya. In aka sa shirin yara, mai gabatarwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, gaba ɗaya muke ɗaga murya mu ce ta zo mu ji ta, don mun ɗauka tana jin mu.

Akwai wani Alhaji maƙwabcinmu, ɗan kasuwa mai zirga-zirgar Jibiya da Kano, da ya kafa dogon ƙarfe bisa soronsa yana kamo tashoshin Najeriya. A gidansa na fara ganin koren kwaɗon nan mai magana da ƙaton tsuntsu mai ruwan ɗorawa. Ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba ma ji, amma ba mai motsi. Sai da na girma na san shirin Sesame Street ne, an fara shi a Amurka a 1969, kuma Jim Henson ne ya ƙirƙiro 'yan tsanar. Mai wasan yana ƙasa inda kyamara ba ta kama shi, hannunsa ɗaya cikin kan 'yar tsana yana buɗe bakinta, ɗayan yana juya hannuwanta da siririyar sanda, idonsa kan wata ƙaramar tele yana duba aikinsa.

Ni dai ban yi mamaki kamar sauran ba, don na riga na san mai dabo-dabo. Yana zuwa bakin kasuwa ya shige ƙarƙashin babbar riga da aka tokare da sanduna, ya riƙa fito da 'ya'yan dabo ta wuyan rigar suna magana da siririyar murya, makaɗinsa na fassara wa jama'a. Kuma da idona na ga Kawu a wurin, yana dariya har da riƙe ciki, ya jefa dala. Wannan ne abin da har yau ban haɗiye ba. Na bare abin dariya ne, na ɗan ƙanwarsa kuma gunki?

Tawa da ƙaramar ƙwarya na yi ta, da karan dawa da tsumman zanen Gwaggo, ita ce ma ta ɗinke mini maɓallai biyu a matsayin idanu. Yaran unguwa sukan cika zaurenmu ina yi musu Gizo da Ƙoƙi. Ranar da aka ƙona ta Baba yana zaune kan buzunsa, bai ce uffan ba. Shirunsa ya fi yi mini ciwo.

Da aka tura ni karantarwa wani ƙauye a yankin Madarunfa, yaran ajin farko kuka suke yi in mushe, wato malamin lakwal, ya buɗe baki da Faransanci. Na ɗinka wata sabuwar 'yar tsana, ita ke tambayarsu lissafi, su kuma suna rige-rigen ba ta amsa. Ban ɓoye wa kowa ba, har limamin garin ya leƙo ya gani, ya sa mini albarka. A 2011 da Najeriya ta fito da nata shirin, Sesame Square, mai 'yan tsana Kami da Zobi, na kira jikokina na zaunar da su, na ce ga aikin da aka hana kakanku yi.

Ɗan gidan malamai ba ya wasa da gunki. Kawu ya rasu ban taɓa tayar masa da maganar ba, Allah ya jiƙansa, ni na yi masa wanka. Amma gonar Tibiri da ya riƙe bayan rasuwar Inna Babba wani zance ne daban, shi za mu ɗauko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.