Kafin a ce kwamfuresa ta ƙone

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, wani dattijo a unguwarmu ya aiko jikansa ya kira ni. Esin ɗakin maiɗakinsa, wadda ke fama da jinya, ya daina sanyi. Kafin ni an kawo wani mai gyara, ya kasa kunne a jikin injin waje na ɗan lokaci, ya ce kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin esi, ta ƙone, sai dai a sayo wata. Na tarar da dattijon yana lissafin abin da zai ɗaga ya sayar.

Na ce, "Baba, a yi mini izini in buɗe in gani tukuna." Ya ce, "Bismillah, ɗana, ga ka ga shi."

Da muka kunna, fankar waje ta tashi lafiya. Kwamfuresar kuwa sai ƙugi take, kamar mai son tashi an danne shi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ka ji ƙwas, ta yi shiru. Na kashe wuta, na kwance murfi. Kafasita, 'yar na'urar da ke taimaka wa kwamfuresa ta tashi, ta kumbura, samanta ya yi tozo kamar gwangwanin tumatirin da ya lalace. Na sa sabuwa mai lamba ɗaya da tsohuwar, maikurofarad 35, muka sake kunnawa, kwamfuresa ta ɗauka. Kuɗin kafasita bai kai ko kusa da na kwamfuresa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da an bi maganar farko, da an yanke lafiyayyar kwamfuresa an jefar, a gidan da ake neman kuɗin magani.

Kwamfuresa famfo ce da motar lantarki mai juya shi, a rufe cikin ƙarfe ɗaya da aka like da walda. Ita ke zuƙo gas daga injin ɗaki, ta matsa shi, ta tura shi kwandensa inda fanka ke kore zafinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gas mai sanyi da yake dawowa daga ɗaki shi ke rage wa motar zafi, kuma man da ke cikinta yana zagayawa tare da gas ɗin ya dawo. Saboda haka duk abin da ya taɓa gas, ko iska, ko wuta, a kanta yake ƙarewa. A iya shekarun da na yi ina wannan sana'a, da wuya in ga wadda ta mutu haka kawai. Kusan kullum akwai abin da ya kashe ta, kuma idan ba a gano shi ba, sabuwar ma hanyar za ta bi.

Ga yadda nake gwadawa kafin in yanke hukunci. A kashe wuta, a sauke cajin kafasita, don tana riƙe wuta ko bayan an kashe, kuma tana iya yi wa mutum illa. A kan kwamfuresa akwai ƙafafu uku masu alamar C da R da S. Da mita nake aunawa: abin da ta nuna tsakanin C da R, idan aka haɗa shi da na C da S, ya kamata ya ba da na R da S. Sai in ɗora tsinken mita ɗaya a ƙafa, ɗaya a jikin ƙarfen. Idan akwai haɗi a nan, to waya ta ƙone, babu gardama. Amma idan jikinta ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma C ba ta nuna komai alhali R da S suna nunawa, sau da yawa makarin zafinta ne ya buɗe don ya cece ta. A bar ta ta huce sosai a sake aunawa. Gaggawa a wannan gaɓar ta sa an binne kwamfuresa da yawa da ransu. Esi mai inbata, wanda kwamfuresarsa ke sauya gudu, kuma nasa daban ne: ƙafafun uku awo ɗaya suke bayarwa, kuma sau da yawa allon lantarkinsa ne ke da matsala.

A gidan dattijon ban tattara kayana ba sai da na nemi abin da ya kumbura kafasitar. Injin wajen an manna shi da bango, yana fuskantar ranar yamma, kuma ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarin kwandensa har haske ba ya ratsawa. Idan zafi ya rasa hanyar fita, matsin gas yakan hau, kwamfuresa ta ja wuta fiye da ƙima, komai na cikin akwatin ya dahu. Na auna wutar gidan da yamma, ta faɗi ƙasa da bolt 180, alhali an ƙera na'urar don 220 zuwa 240. Wasu suna ɗauka wuta mara ƙarfi ba ta da haɗari tunda ba ta fasa ƙwan fitila. Ga mota akasin haka ne, don idan wuta ta yi ƙasa sai ta ƙara ja, wayarta ta yi ta ɗumama har rufinta ya narke.

Sai batun ɗauke wuta da dawo da ita, ko juyawa daga layi zuwa janareta. Idan kwamfuresa ta tsaya, tana bukatar kamar minti uku kafin matsin gas ya daidaita. Tayar da ita nan take kamar a ce wa mai kura ya tura kaya a kan tudu ba tare da ya ja baya ba ne. Yawancin esin bango suna da wannan jinkiri a cikinsu, amma tsofaffin na taga da yawa ba su da shi. Sitabilaiza mai jinkiri, wadda ta fi ƙarfin esin, da waya mai kauri daga mita, sun fi a yi asarar kwamfuresa.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta gas. Kowace bazara sai ka ji an ce, "Gas ɗina ya ƙare, zo ka ƙara mini." Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, zagayawa yake a rufaffen bututu. Idan ya ragu, to akwai yoyo. Yawanci a bakin noti ne, inda bututu ya haɗu da inji. Za ka ga danshin mai ƙura ta manne masa, idan ka shafa kumfar sabulu ta riƙa busowa. Ƙanƙara a kan siririn bututu ma alama ce. Wanda ya ƙara maka gas bai toshe yoyo ba, ya bar kwamfuresarka tana aiki da yunwa, tana zafi, manta yana raguwa. Haka kuma ba a cakuɗa gas. Gas irin R22 da irin R410A ba mai ɗaya suke aiki da shi ba, kuma matsin R410A ya fi na R22 sosai. Irin gas ɗin da nauyinsa suna rubuce a jikin injin waje, mai gida ma yana iya karantawa ya tambayi mai gyara me ke cikin tukunyarsa.

'Yan'uwana masu sana'a, mu ji tsoron Allah a kan zuƙe iska. Ɗaura esi ba tare da an sa famfon zuƙe iska da danshi daga bututu ba laifi ne da ba ya bayyana ranar. Danshin yana haɗuwa da mai ya zama asid, ya yi ta cin rufin waya a hankali, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a ce na'urar ce ba ta da kyau. Idan kuma ta tabbata kwamfuresa ta ƙone, man ya yi baƙi yana wari, to sai an wanke bututu an busa naitirojin kafin a ɗaura wata, musamman ta gwanjo da ba a san wahalar da ta sha ba.

Washegari na koma gidan da yarona. Muka wanke kwandensa da ruwa a hankali don kada haƙarƙarin ya lanƙwashe, muka janye injin daga bango kamar kamu ɗaya da rabi, muka kafa masa rumfar kwano daga sama, gefe da gaba a buɗe. Na nuna wa jikan yadda ake zare ragar injin ɗaki a wanke duk mako biyu. Dattijon ya ce sitabilaiza sai ƙarshen wata, don haka muka yi da shi cewa idan ya ga fankar sama ta rage gudu da yamma, a kashe esin har wuta ta dawo daidai.