Wasiƙa daga Jamus: Akwatin addini a takardar rajista

'Yan'uwa cikin Kristi da ke gida, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kowa lafiya, da iyali da aikin ikilisiya. Tambayoyi uku ne suke ta zuwa mini daga matasanmu masu shirin zuwa karatu ko aikin jinya: yadda ake sujada a nan, batun aure, da kuma ko da gaske gwamnati ke cire wa mutum zakka daga albashi. Bari in fara da ta ƙarshe, don ita ce ke kayar da baƙo.

Duk wanda ya sami ɗaki a Jamus, dole ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari cikin kwana 14. Anmeldung suke kiranta. Za ka je da fasfo da takardar da mai gida ya sa wa hannu. A cikin fom ɗin akwai wani ɗan akwati na addini, bai kai tsawon yatsa ba. Idan aka rubuta "rk", kai ɗan Katolika ne. Idan aka rubuta "ev", gajeren "evangelisch", ka shiga ikilisiyar Furotesta ta Jamus, wato EKD mai rassa 20. Daga nan bayanin zai wuce ofishin haraji, sai ka ga wani sabon layi na harajin ikilisiya a takardar albashinka.

Ba zakka ba ce, kuma ba kashi goma na albashi ba ne. Kashi 9 cikin 100 ne na harajin da kake biya, ko kashi 8 a jihohin Bavariya da Baden-Württemberg. Wanda ake cire wa Yuro 300 na haraji a wata, zai ƙara 27 a Berlin, 24 a Munich da ke Bavariya. Ɗalibin da abin da yake samu bai kai a cire masa haraji ba, ba ya biyan ko sisi. Kuɗin yana tafiya wajen albashin fastoci, gyaran majami'u da wani kaso na makarantun renon yara, gwamnati kuma ta riƙe ɗan ladan tarawa.

Ga inda ake tuntuɓe. Ɗan ECWA ya ga kalmar "evangelisch" mai kama da "Evangelical" na sunan ikilisiyarsa, ya ce ai mu ne, ya amsa. Alhali ikilisiyoyi masu zaman kansu irin Baftis da Fentikos ba sa cikin wannan tsari, da baikon membobinsu suke rayuwa. Sai mutum ya wayi gari yana biyan haraji a wata ikilisiya, yana kai zakkarsa wata. Ɗan Katolika kuwa nasa daban ne: baftismar da aka yi masa a Kafanchan ko Yola tana aiki a nan. Idan ya ce ba shi da addini don gudun cirewa, ranar da zai nemi a yi wa ɗansa baftisma takarda za ta fito, kuma ana iya bin sa bashin shekarun baya.

Fita daga ikilisiya ma da takarda ake yi. A Berlin kotun unguwa ake zuwa a biya Yuro 30, a Bavariya ofishin rajistar aure da haihuwa. A adana shaidar kamar takardar fili, don bayan shekaru ana iya neman ta. Amma a yi tunani tukuna: tun 2012 bishof-bishof na Katolika a Jamus suka yanke cewa wanda ya fita ba zai karɓi Jibin Ubangiji ba, ba zai tsaya wa yaro a baftisma ba, har jana'izar ikilisiya ana iya hana shi. Duk da haka a 2022 'yan Katolika sama da 500,000 suka fita. A ganina, kowa ya zauna da fastonsa ko fadansa kafin ya hau jirgi, ya zo da takardar baftismarsa ta asali, ya san abin da zai ce a gaban ma'aikacin. Abu ɗaya da ya burge ni: baikon da aka tura ta banki zuwa ikilisiya mai rajista, ana ba da rasit a ƙarshen shekara, ana kuma rage wa mutum haraji da shi. Ma'ajinmu na gida, ko ɗan littafin rasit ya isa a fara.

Sujada kuwa, yawanci ƙarfe 10 ake farawa, kuma 10 ɗin 10 ce. Awa ɗaya an tashi. Ba ganga, ba shantu, ba Zumuntar Mata da ɗinkin bai ɗaya. Molon majami'a mai bututu ne da lambobin waƙa a jikin allo. Sai sanyi. Ginin dutse mai shekara ɗari biyar ba ya ɗumi da wuri, tun tsadar gas ta 2022 kuma majami'u da yawa suka rage wuta, wasu su koma ƙaramin zaure har bazara. Kada ka cire kwat ɗinka, sa safa biyu, zauna nesa da ƙofa. Za ka ga tururin bakinka yana fita tare da Addu'ar Ubangiji. Ba wanda zai biyo ka gida don bai gan ka ranar Lahadi ba. Ba ƙiyayya ba ce, suna ganin shiga sha'anin mutum ne. Ka tsaya shan kofi bayan sujada, nan ake sanin juna. Taron 'yan Afirka galibi da rana suke yi, a majami'ar da suka yi haya, da Turanci ko Faransanci. Addu'ar dare a ɗaki da ɗaga murya kuwa a manta da ita, daga 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, maƙwabci zai kira 'yan sanda. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi, cefanen Asabar ne.

Batun aure sai wasiƙa ta gaba, takarda ta cika. A dai riƙe wannan: auren majami'a kaɗai ba shi da ƙarfi a dokar Jamus, sai an ɗaura a ofishin gwamnati, kuma tantance takardun Najeriya yakan ci watanni. A gaida dattawa da Mama Fasto.