In, on, at da 'yan uwansu: ƙananan kalmomin da ke cinye wa mutane maki a jarabawa

Jama'a yau dai maganar firifozishin zan yi, wato 'yan ƙananan kalmomin Turancin nan irinsu in, on, at, to, for, with, of da by, waɗanda kowa ke rainawa saboda ƙanƙantarsu, amma idan aka zo jarabawar da mutum dubbai ke neman gurbi kaɗan, ta shiga jami'a ce ko ta ɗaukar aiki ko ta neman tallafin karatu, to sau da yawa su ne ke raba wanda ya samu da wanda aka ce ya jira wani zagaye. Raina kama ka ga gayya kenan. Wanda ya taɓa nahawun Larabci zai gane su da wuri, kusan aikin haruffan jarri suke yi. Abin da ke min ciwo shi ne sai ka ga ɗalibi mai ƙoƙari wallahi, ya haddace manya-manyan kalmomi masu cika baki, amma a ba shi jimla a bar gurbi ɗaya a ce ya cike da kalma mai harafi biyu sai ka ga ya fara tauna biro yana kallon silin.

Kuma ni a ganina matsalar ba ta kai ba ce, hanyar karatun ce ta samu tangarɗa tun farko. An koya mana in ciki ne, on a kai ne, for don ne, with da ne, shikenan muka rufe littafi. To wannan fassarar tana aiki ne kawai idan ana maganar littafi a kan tebur ko ruwa a cikin kofi. Mu da Hausa "a" ɗin nan guda ɗaya tana mana aiki ko'ina, a makaranta, a watan Mayu, a bango, amma Bature sai ya ce at school, in May, on the wall, kalma uku daban-daban a wurin da mu muka wuce da guda ɗaya ba tare da mun ko tsaya tunani ba. Kaga duk wanda ya shiga ɗakin jarabawa da niyyar zai fassara daga Hausa a ransa sannan ya zaɓi amsa, ya riga ya ba da rabin makin sashen nan kyauta.

Abin da masu shirya tambaya suke gwadawa ba ma'anar firifozishin ba ce, so suke su ga ko ka san wacce kalma ce ke tafiya da wacce. Kamar kwaɗo ne da mabuɗinsa, ko da wani mabuɗin ya yi kama da shi sak ba zai buɗe ba. Depend da on yake tafiya, interested da in, good da at idan ana maganar iya abu, accuse da of, amma charge idan tuhuma ce a kotu da with yake tafiya duk da ma'anarsu kusan ɗaya ce, married da to ba with ba. Babu wani dalili na hankali da zai sa accuse ya ɗauki of shi kuma charge ya ɗauki with, haka masu harshen suka saba faɗa kawai, kuma kai ma haka za ka karɓa.

Bari mu ɗauki tambaya ɗaya mu bi ta a hankali don a ga yadda tarkon yake. An rubuta She was congratulated, sai gurbi, sai her success. Zaɓi huɗu, for, on, with, at. Me ke faruwa a kan ɗalibi a daƙiƙa biyar ɗin farko? Zuciyarsa ta ce an taya ta murna saboda nasarar da ta samu, saboda kuwa ai for ne, ga for nan ma a sahun farko tana masa murmushi, sai ya shafa ta ya wuce yana jin ya ci banza. Alhali amsar on ce, congratulate somebody on something. Kuma kar ka ɗauka tsautsayi ne ya sa for a wurin, wanda ya shirya tambayar ya san ita ce kunnenka ya saba ji a bakin mutane, shi ya sa ya ajiye maka ita. Wannan ne ma ya sa nake yawan ce wa ƙannena kar su yarda da "ai haka kowa ke faɗa", domin Turancin da muke ji a hira da wanda muke karantawa a kwament ɗin Facebook ko guruf ɗin WhatsApp cike yake da irin waɗannan, kuma mai maki ba ruwansa da yawan masu faɗa.

Sai tarko na biyu wanda ni a wurina ya ma fi na farko haɗari, wurin da ba a buƙatar firifozishin kwata-kwata amma bakinmu ke ƙaiƙayin sai ya saka. Discuss about the matter kuskure ne, discuss the matter kawai ake cewa. Mu ne da Hausa muke tattaunawa a kan abu, shi discuss kai tsaye yake cafke abin da ake magana a kai. Haka emphasise, haka request idan aikatau ne, haka reach, resemble, marry, lack, comprise. Ba a cewa reach at the station, ba a cewa he resembles with his father, ba a cewa the team comprises of eleven players, duk da consists of daidai ne, kuma daga nan ne ma ruɗanin ya samo asali. Enter ma haka, enter the room ne ba enter into the room ba, sai dai idan yarjejeniya ce ake ƙullawa to nan enter into an agreement daidai ne.

Toh ga inda abin yake da daɗi idan ka gane shi, yawancin waɗannan kalmomin idan suka koma suna sai su dawo su karɓi firifozishin ɗin. We discussed the plan amma we had a discussion about the plan. He emphasised honesty amma he placed emphasis on honesty. She requested help amma she made a request for help. They lack water amma there is a lack of water. Kaga ashe ba daga sama mutane suka ƙirƙiro kuskuren ba, na sunan suka ɗauko suka liƙa wa aikatau. Don haka idan ka ga request ko lack a tambaya, kafin komai tsaya ka duba, suna ce a nan ko aikatau? Idan akwai kalmar Turanci irin a, the ko his kafin ita to suna ce. Wannan dubawar ta daƙiƙa biyu ta isa ta ceto maka maki.

Akwai wasu 'yan gida ɗaya da suka shigo Turanci daga Latin, senior, junior, superior, inferior, prior, su ba sa karɓar than ko da kwatanci ake yi, to suke ɗauka. He is senior to me. Prefer ma to yake so, I prefer reading to writing, ba than ba. Masu jarabawar ɗaukar aiki suna son waɗannan kamar me.

Ita kanta to ɗin fuska biyu gare ta kuma nan ma ana faɗuwa sosai. Wani lokaci alama ce kawai a gaban aikatau kamar I want to go, wani lokaci kuma cikakkiyar firifozishin ce, idan kuwa firifozishin ce to aikatau ɗin da ya biyo ta dole ya ɗauki ing. Shi ya sa ake rufe wasiƙa da I look forward to hearing from you, ba to hear ba. Haka object to paying, accustomed to waking early, be used to working. Yadda za ka gwada mai sauƙi ne, cire aikatau ɗin ka sa suna a wurin, idan jimlar ta zauna, kamar I look forward to the holiday, to firifozishin ce, sa ing hankalinka kwance. Sannan wakilin sunan da ya biyo firifozishin me, him, her, us, them ne, don haka between you and me ake cewa, ko da between you and I ya fi yi maka kama da Turancin manya.

Firifozishin na lokaci da na wuri ba zan daɗe a kansu ba tunda kowane littafi ya kawo su. At na ƙarfe kaza, on na rana da kwanan wata, in na wata da shekara, at 6 o'clock, on Monday, in 2025. Inda ake kamu shi ne in the morning amma at night, sannan da zarar an ambaci ranar sai ya koma on Monday morning, kuma idan next, last, this ko every suka zo gaba ba a saka komai, I saw him last Friday. Arrive in na gari ko ƙasa, arrive at na tasha ko ofis, arrive to babu shi, arrive home kuma haka nan tsurarsa. In the car amma on the bus, on the train, on the plane, by car amma on foot.

Waɗanda suka fi cancantar ka zauna da su su ne masu zuwa biyu-biyu, duka daidai ne a nahawu amma ma'ana ta bambanta. On time a kan lokacin da aka tsara, in time kafin lokaci ya ƙure. At the end of the film ƙarshen abu ne, in the end kuma daga ƙarshe dai bayan an sha fama. Since na mafarin lokaci, since 2019, for na tsawonsa, for six years. By Friday kar ya wuce Juma'a, until Friday abu ya ci gaba har zuwa Juma'a. Agree with mutum, agree to shawarar da aka kawo maka, agree on abin da kuka cimma tare. Beside kusa da, besides ban da haka. Masu shirin IELTS, wato jarabawar gwada iya Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje, ku kuma dan Allah ku riƙe wannan, a rubutun farko inda ake ba da jadawali a ce ka yi bayani, idan adadi ya tashi daga 40 zuwa 50, to it rose by 10 ne, kuma it rose to 50, sannan an increase of 10. Ka musanya by da to ka faɗi abin da jadawalin bai faɗa ba, kuma a rubutun IELTS nahawu ɗaya ne daga ma'auni huɗu da ake ba da maki a kansu, kashi 25 cikin 100 kenan. A jarabawar Cambridge irin B2 First ma akwai sashen da ake ba ka rubutu mai gurbi 8 babu zaɓi ko ɗaya, kai za ka nemo kalmar daga kanka, kuma firifozishin ba sa rasa shiga ciki.

Wani zai ce to ai ni na ji Ba'amurke ya ce on the weekend. Gaskiya ne, a Ingila at the weekend suke cewa, a Amurka on. Different from kowa ya yarda da shi, different to na Ingila ne, different than na Amurka. Shawarata ka san irin Turancin da jarabawarka ke bi, idan kuma ka ga different from a cikin zaɓi to kama shi kar ka tsaya ja-in-ja da takarda. Haka maganar wai haramun ne a ƙare jimla da firifozishin, wannan ra'ayi ne da marubucin Ingila John Dryden ya yaɗa tun 1672, masana nahawun yanzu ba su ɗauke shi doka ba, who are you talking to daidai ne sarai, sai dai a rubutun ofis to whom ya fi nuna natsuwa.

Yanzu ya za a yi karatun? Ni abin da na ga yana aiki shi ne ka daina rubuta kalma ita kaɗai a littafinka. Kar ka rubuta afraid, rubuta afraid of the dark. Kar ka rubuta responsible, rubuta responsible for the loss, sannan a ƙasa responsible to the manager, don ka ga bambancin da idonka. Kamus na masu koyo irin na Oxford, Cambridge da Longman duk suna intanet kyauta, kuma idan ka buɗe kalma za ka ga sun rubuta firifozishin ɗin da take tafiya da shi da baƙin rubutu tare da misali, wurin nan ne ya kamata idonka ya fara sauka ba ma'anar kaɗai ba. Kuma ka riƙa karanta jimlolin da ƙarfi, bakinka ya faɗa kunnenka ya ji, saboda kuskuren ta kunne ya shiga, ta kunnen kuma gyaran zai fi saurin zama. Biyar a rana da ka maimaita gobe da jibi sun fi ɗari da ka haɗiye daren jarabawa. Tsofaffin tambayoyi kuma ba yi kawai ake a duba maki ba, duk wadda ka faɗi ka kwafe jimlar gaba ɗayanta da amsar daidai a shafi na musamman, bayan sati biyu za ka lura kusan kalmomi iri ɗaya ne ke ta kayar da kai, su za ka sa a gaba.

Ranar jarabawar kuma idan ka iso gurbi, fara duba hagu tukuna, wace kalma ce kafin gurbin, tana da abokin tafiyar da ba ta rabuwa da shi? Idan ba ta da shi sai ka duba dama, lokaci ne ko wuri ko mutum ko adadi? Wani lokaci mai tambaya zai nesanta kalmar da gangan, ya ce He was accused by his neighbours and former friends, sai gurbi, sai theft, don ka manta accused ɗin da ke can baya ka bi friends ka zaɓi with. Koma baya da yatsanka har ka samo aikatau ɗin, amsar of ce.