Masu niƙa biyu, mabuɗi ɗaya: yadda Python ta haɗiye bashin Kawu ba ta ce uffan ba

Duk mai koyon Python, yaren rubuta manhaja, tsoron jan rubutu yake yi, wato saƙon kuskure. Ka danna, fuskar waya ta cika da layuka ja, gabanka ya faɗi. Ni kam yanzu in na gan shi har hamdala nake yi, don ko ba komai ya faɗa maka inda matsala take. Abin da ya ci mana kuɗi a shagon Kawu bai nuna ja ba, bai nuna komai ba. Kod ɗin ya tafi sumul, ya fitar da amsa tsaf, amsar kuma ƙarya ce.

Kawuna hatsi yake sayarwa a Tudun Hatsi nan Gombe: masara, gero, dawa, wake. Ciniki da yawa a bashi ake yi, kuma duk yana cikin wani babban littafi mai baƙin bango da gefensa ya sha maiƙon hannu. Kawu ba ya rubuta cikakken suna. Laƙabi yake sawa: Mai Niƙa, Mai Ƙosai, Direban Kumo, Hajiyar Makaranta. Shi ya san kowa, ya san shafin kowa. Ni kuma ina koyon Python a waya da manhajar Pydroid 3, na iso darasin ƙamus, wato dict, sai na ga ai wannan shi ne littafin Kawu sak: suna a hagu, shi ake kira mabuɗi, kuɗi a dama. Na zauna na kwashe littafin kaf, layi bayan layi, kamar haka:

bashi["Mai Niƙa"] = 180000

Wannan na shafin farko-farko ne, mai injin niƙa na Pantami. Can wajen ƙarshen littafin akwai wani Mai Niƙa, na Bolari, da ya ɗauki kaya kaɗan. Na rubuta shi kamar yadda na gani:

bashi["Mai Niƙa"] = 45000

Shi ke nan, 180,000 ta tafi. A ƙamus mabuɗi ɗaya wuri ɗaya yake da shi, in ka sake rubutu a kansa sabon ya danne tsohon, babu tambaya, babu gargaɗi. Na san an faɗi haka a darasi, a layi guda, da misalin 'ya'yan itatuwa da farashinsu. Wanda ya rubuta darasin bai taɓa zama a kasuwar da mutum biyar ke amsa Alhaji a rumfa ɗaya ba.

Akwai wani abu da ya ƙara ɓoye ɓarnar. Tun daga Python 3.7, wadda ta fito a 2018, ƙamus yana riƙe tsarin da aka shigar da abubuwa. Amma in ka sake rubutu a kan mabuɗin da yake nan, ba ya komawa ƙarshe, yana zaune a gurbinsa na farko, kuɗin ne kawai ya canza. Don haka da na buga jerin sunayen, Mai Niƙa yana sama-sama, daidai inda na Pantami ya kamata ya kasance, sai dai kuɗin na Bolari ne a gabansa. Ido ba zai kama wannan ba sai an ajiye littafin a gefe ana bi ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da na Pantami ya zo biya, Kawu ya tafi ɗaurin aure Dukku da littafin a kulle a durowa. Mutumin ya ce, “Ɗan Alhaji, duba mini abin da ya rage.” Na zaro waya da ƙwarin gwiwa, na ce dubu arba'in da biyar. Ya ɗan yi jim, ya ce, “To, ko Alhaji ya cire na wancan karon ne?” Ya ƙirga ya ba ni, na ce masa an gama, Allah ya sa albarka. Kalmar “an gama” ɗin nan ita ce ta fi kuɗin nauyi daga baya. Da Kawu ya buɗe littafi ya ga giɓin 135,000, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Kai da ka ce an gama, kai za ka je ka ce ba a gama ba.” Na je Pantami, na tsaya a bakin injin, ƙara ta cika kunne, garin masara yana sauka a kan rigata, ina ɗaga murya ina yi wa dattijo bayanin cewa waya ce ta ruɗe. Mutumin kirki ne, bai yi musu ba, amma ya riga ya juya kuɗin a wani wuri, sai da kaɗan-kaɗan ya biya. Har yau in ya gan ni sai ya ce, “Injiniya, yau nawa wayar ta ce?”

Daren nan na yi abin da ya kamata a ce shi ne farko: na ƙirga mutanen da ke littafi, 63, na buga len(bashi), mai ƙirga sunayen da ke ƙamus, ta ce 58. Ashe ba Mai Niƙa kaɗai ba ne, mutum biyar ƙamus ya haɗiye. Layi ɗaya ne wannan, bai kai minti ba. Duk wanda zai kwashe bayanai daga takarda zuwa ƙamus, ya ƙirga kafin, ya ƙirga bayan. Ba na karɓar uzuri a kan wannan, har daga kaina.

Gyaran a fili yake: mabuɗi ya zama laƙabi da unguwa tare. Na fara sa su a jeri, mai baka masu kusurwa, sai ga jan rubutu: TypeError: unhashable type: 'list'. Da na mai da su tuful, mai baka zagayayyu, sai ya shige:

bashi[("Mai Niƙa", "Pantami")] = 180000
bashi[("Mai Niƙa", "Bolari")] = 45000

A nan ne na gane amfanin tuful, don a darasi na ɗauke shi jeri ne mai taurin kai, wanda ba a ƙara masa ba a rage masa, na rasa me zai sa mutum ya so shi. Ashe taurin kan ne aikinsa. Python tana lissafo wata lamba daga mabuɗi, da ita take sanin inda ta ajiye abu, shi ya sa ba ta bin ƙamus ɗaya bayan ɗaya in tana nema. In mabuɗin zai iya canzawa bayan an ajiye, lambar ta tashi daga aiki, kayan sun ɓace a ciki. Jeri yana canzawa, don haka aka hana shi. Tuful ba ya canzawa, aka ba shi hanya, muddin babu jeri a cikinsa.

Na ɗauka an wuce wurin. Ba a wuce ba. Mai Ƙosai ta ɗauki wake, bayan mako ta sake ɗauka, na sake rubutawa a mabuɗinta, na biyun ya danne na farko. Ciwo ɗaya ne, ya sake kaya. Wannan karon na kama shi da wuri don na riga na zama mai zargi. Maganin shi ne abin da ke gaban mabuɗi ya daina zama lamba guda, ya zama jeri, kowace ɗauka kuma tuful ce a cikinsa: rana, kaya, yawan buhu, kuɗi.

bashi.setdefault(mutum, []).append((rana, kaya, buhu, kudi))

In an biya, ba na taɓa tsohon layi. Sabon tuful nake ƙarawa da kuɗin a ragi, jimla ta fito daga tarawa. Da na nuna wa Kawu, ya ce, “To ai haka nake yi tun kafin a haife ka, ka taɓa ganin na goge layi?” Gaskiyarsa. Abin da ya faru ranar Talata ya riga ya faru, bai kamata kod ya iya gyara shi ba ko bisa kuskure, kuma in ka gwada, Python za ta ce maka tuful ba ya karɓar sauyi. Irin ihun da nake so ke nan.

Sai maganar .get, wadda har yanzu take ba ni haushi. Kusan duk darasin da na gani yana cewa in kana gudun KeyError, jan rubutun da ke fitowa in ka nemi abin da ba ya ƙamus, rubuta bashi.get(mutum, 0), in babu mabuɗin sai a ba ka sifili. A wajen ƙirga kalmomi wannan daidai ne. A littafin bashi guba ne. Ka rubuta “Nika” maimakon “Niƙa” don madannan wayar ba su da ƙ a kusa, Python ta duba ba ta ga mutumin ba, don a wajenta k da ƙ haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba, sai ta ce maka sifili. Wato ba a bin sa ko kwabo. Haka “pantami” da ƙaramin baƙi, haka in ka bar fili a ƙarshen suna. Ƙanena kuma “Nik'a” yake rubutawa, ga mutum na uku ya fito daga mutum ɗaya. Na cire .get daga duk inda ake neman bashi. In babu sunan, gara ta tsaya ta yi ja. Kafin a ajiye ko a nema kuma, kowane suna sai ya bi ta .strip().lower(), mai cire fili a farko da ƙarshe ya kuma mai da baƙaƙe ƙanana, sannan na sa a mai da ƙ, ɗ da ɓ zuwa k, d da b a mabuɗi kaɗai, sunan da ake nunawa yana nan da ƙugiyoyinsa. Sabon mutum kuwa ba ya shiga sai an duba if mutum in bashi, in yana nan a tambaye ni: shi ne, ko wani ne?

Ƙananan abubuwa biyu, a gurguje. Tuful mai abu ɗaya sai da waƙafi: ("Pantami",) tuful ne, amma ("Pantami") rubutu ne kawai, len zai ba ka 7, yawan haruffansa. Sannan in za ka sa lambar waya a mabuɗi, bar ta a matsayin rubutu, don in ka mai da ta lamba sifilin farko ya faɗi. Ni ban ma yi amfani da ita ba, mutanenmu layi biyu uku suke riƙewa, wani kuma da wayar ɗansa yake kira.

Wajen adanawa ma tuful ya nuna mini halinsa. Na so in zuba komai a fayil ɗin JSON, wani tsarin adana bayanai, sai json.dump mai zubawar ya ƙi, ya ce mabuɗi ba zai zama tuful ba. Waɗanda ke ciki kuwa, na rana da kaya, yana karɓarsu, amma in ka sake buɗe fayil ɗin sun dawo jeri, taurin kan ya tafi. Na haƙura na koma CSV, fayil mai tsarin tebur: kowace ɗauka layi guda, laƙabi da unguwa kowanne da gurbinsa, in manhajar ta tashi ta sake gina ƙamus daga layukan. Ya fi sauƙin dubawa ma, don ana iya buɗe shi a kowace waya a karanta.

Kawu bai ajiye littafinsa ba, kuma ban nemi ya ajiye ba. Shi ake fara rubutawa, waya ta biyo baya, ranar Juma'a kafin masallaci mu gwada jimla da yawan mutane. Makon jiya wani sabon mai injin niƙa ya fara ɗaukar masara a wajenmu, shi ma a Pantami yake. Manhajar ta tsaya ta tambaye ni ko shi ne na da. Yanzu ina tsakanin ƙara abu na uku a tuful ɗin, ko in ba kowa lambar shafinsa na littafi ta zama mabuɗi. Kawu ya fi son lambar shafi, ni kuma ina tunanin ranar da littafin zai cika a buɗe sabo, shafi na 12 ya zama biyu.